Ƙunshin kayan gyaran fanel ɗin Fliptronics II: ya cancanci a yi odarsa zuwa Bauchi?

Injin pinball ba abin da ake cin karo da shi kullum ba ne a Bauchi. Wanda ya shigo, galibi kwantenar kayan gwanjo ya biyo, ya ƙare a wani otal ko wurin wasan yara, ya yi 'yan watanni yana aiki, wata rana hannu ɗaya ya daina bugu. Daga nan sai a ciro fanel a naɗe a leda, a kai wa mai gyaran rediyo da amfilifaya a wajen Wunti ko Muda Lawal, a ce masa, "Malam, don Allah duba mana wannan." Mai gyaran nan shi ne aka yi wannan bita dominsa.

Ga wanda bai taɓa ganin injin ba: tebur ne mai gangara a ƙarƙashin gilashi, ƙwallon ƙarfe na gangarowa, mai wasa yana danna maɓalli a gefe, ƙananan hannaye biyu suna bugo ƙwallon sama. Hannayen nan su ne filifa. A injinan kamfanin Williams na birnin Chicago, da waɗanda ya fitar da sunan Bally, akwai fanel na musamman a akwatin baya wanda aikinsa kawai sarrafa filifa. Samfurin farko ya fito a 1992 a injin The Addams Family, wanda aka ƙera fiye da 20,000. Na biyu, Fliptronics II mai lamba A-15472, shi ne a injinan da suka biyo baya irin su Twilight Zone da Indiana Jones na 1993, har zuwa lokacin da sabon tsarin lantarkin kamfanin, WPC-95, ya haɗe da'irar filifa cikin babban fanel. Kamfanin ya daina ƙera pinball a 1999. Kenan duk fanel ɗin da aka ɗora maka a tebur ya kai shekara 30 ko kusa da haka, kuma da wuya a ce kai ne farkon wanda ya sa masa ƙarfen dalma.

Abin da ake bitarsa shi ne ƙunshin kayan gyara da masu sayar da kayan pinball na Amurka da Turai ke haɗawa don wannan fanel. Cikakken ƙunshi yakan zo da tiransisto TIP36C guda 4, TIP102 guda 8, 2N4403 guda 8, dayod 1N4004 da yawa, IC LM339 (mai karɓar saƙon maɓallan filifa) guda 2 da soket ɗinsu, birij (mai mayar da wutar AC zuwa DC) ɗaya, da fis mai jinkirin tsinkewa na amp 3 guda 4. Wasu masu sayarwa na rage adadin zuwa abin da zai gyara filifa ɗaya ko biyu, don haka a karanta jerin kayan kafin a biya.

Lissafin adadin daidai yake da fanel, kuma sai an fahimci dalilinsa ake gane inda ƙunshin ke da amfani. Koyil ɗin filifa naɗi biyu ne a jiki ɗaya. Akwai naɗin waya mai kauri na bugu, wanda mita ke nuna shi tsakanin ohm 4 zuwa 5 a koyil irin FL-11629 da FL-11630, akwai kuma naɗin siririyar waya na riƙo, mai ohm 130 zuwa 160. Wutar filifa sunanta volt 50 a takarda, amma idan ka auna ba kaya a kanta za ka ga kusan 70. Raba 70 da ohm 4.5, ka sami kusan amp 15. Wannan ƙarfin ne ke harba ƙwallo, kuma kwamfutar injin ba ta barinsa ya wuce ɗan ƙanƙanin ɓangare na daƙiƙa, sai ta kashe shi ta bar naɗin riƙo, wanda ke jan kusan rabin amp kawai, ya ci gaba da riƙe hannun a sama. Layin bugu tiransisto uku ne a jere: 2N4403 na tura TIP102, shi kuma yana tura TIP36C. Layin riƙo biyu ne: 2N4403 da TIP102. Fanel na ɗauke da layin filifa huɗu, domin wasu injinan na da ƙarin filifa a sama, shi ya sa 4 da 8 da 8.

Alamomin ciwo ma daga nan suke fitowa. Idan an kunna injin sai hannu ya tashi da ƙarfi, fis ya tsinke nan take, layin bugu ne ya haɗe, galibi TIP36C. Idan hannun ya maƙale a sama ko da ba a danna maɓalli ba, fis kuma lafiya lau, TIP102 na riƙo ne ya haɗe. Idan ya buga ya faɗo ko yana karkarwa alhali yatsa na kan maɓalli, riƙo ne ya mutu, ko tiransistonsa ko siririyar wayar ta katse a ƙafar koyil. Idan kuma ba ya tashi, amma ka ɗaga shi da hannu ya tsaya, bugu ne babu. Duk filifa sun mutu lokaci guda? A fara da birij da fis ɗin da ke gabansa a babban fanel. Jadawalin littafin injin ya nuna wane tiransisto ne na wace filifa, da lambar Q da ke rubuce a fanel: filifar dama ta ƙasa Q4 ne bugu, Q11 riƙo, ta hagu Q3 da Q9, na sama Q2 da Q7 a dama, Q1 da Q5 a hagu.

Awo ba wuya. A zare injin daga soket, a ciro fanel, a sa mita a ma'aunin dayod. Ga TIP102, baƙar waya a kan ƙarfen bayansa, jar waya ta taɓa ƙafafun gefe ɗaya bayan ɗaya, a ga 0.4 zuwa 0.6. Ga TIP36C ana juya wayoyin, ja a bayan, baƙa a ƙafafu, domin shi PNP ne. Sifili ko kusa da sifili na nufin ya haɗe. Daɗin wannan fanel shi ne layukan huɗu iri ɗaya ne, duk awon da ya rikita ka sai ka gwada shi da na maƙwabcinsa.

To, a nan ne ƙunshin ya fi cin kuɗinsa, wato a ingancin manyan tiransisto. TIP36C ba baƙo ba ne a kasuwarmu, masu amfilifaya na saye, kuma idan babu a Bauchi ana kawowa daga Jos ko Sabon Gari a Kano. Matsalar jabu ce. Na gaske an yi shi ya ɗauki amp 25 da volt 100. Jabun jikinsa da lambarsa iri ɗaya ne, amma idan ka fasa za ka tarar da ƙwayar cikinsa 'yar mitsitsiya. A amfilifayar da ba a ƙure mata murya zai iya yin shekara yana lallaɓawa. A filifa kuwa, inda ake dukansa da amp 15 sau ɗaruruwa a wasa guda, kwanansa kaɗan ne, kuma ba ya mutuwa shi kaɗai. Mita ba ta bambance jabu da na gaske, dukansu 0.5 za su nuna maka. Abin da ido zai iya kamawa shi ne rubutun da ke gogewa da sifirit, ƙarfen baya siriri, da ƙafafu masu lanƙwashewa kamar wayar tsintsiya. Ƙunshin da ya fito daga hannun masu harkar pinball na dindindin yakan tsira daga wannan, domin abokan cinikinsu ba sa yafe irin wannan kuskure. Wanda aka gani da arha ƙwarai a shagon intanet marar tarihi, shi da na kan tire duk ɗaya ne. Araha ba ta ado.

TIP102 ya fi wuyar samu a nan. Abin da mai shago zai miƙo maka shi ne TIP122, ya ce ai duk ɗaya ne. Ƙafafunsu ɗaya, volt ɗinsu ɗaya, amma TIP102 amp 8 yake ɗauka, TIP122 kuma 5. Zai yi aiki a gwaji, sai dai ba shi ne abin da za ka bar wa mai kaya ka ce an gama ba. Wani kuskuren da ya fi muni shi ne karɓar TIP35C a madadin TIP36C saboda kama da suke yi: wancan NPN ne, wannan PNP. Ƙaramin 2N4403 kuwa, idan babu shi 2N5401 na shiga wurinsa da tsarin ƙafa iri ɗaya. BC557 kada a yarda, ƙafafunsa a juye suke kuma ƙarfinsa bai kai ba.

Dokar da ƙunshin ya sauƙaƙa bi ita ce a canja layin gaba ɗaya. Idan TIP36C ya haɗe, volt 70 na iya komawa baya ta raunata TIP102 da 2N4403 da dayod ɗin da ke tare da su, ko da mita ta ce lafiyarsu ƙalau. Mai gyaran da ke sayen kaya ɗaɗɗaya yakan canja babban kawai don tsimi, ya kunna, sabon ya bi sahun tsohon. Wanda ke da ƙunshi a gabansa ba ya wannan lissafin, duka ukun yake cirewa.

Dayod da birij da LM339 ba abin da za a yi wa oda ba ne. 1N4007 da ke cike a kowane shago ya fi 1N4004 juriya, volt 1000 ne maimakon 400, kuma yana shiga wurinsa kai tsaye. LM339 ma ana samu. Soket ɗin dai abin yabo ne, domin fanel mai shekara 30 ba zai jure a cire masa IC mai ƙafa 14 sau biyu ba.

Fis ɗin kuwa ya fi yadda ake zato muhimmanci. Fanel na da guda huɗu, F901 zuwa F904, kowace filifa da nata, dogaye ne masu milimita 32, kuma masu jinkiri, don su jure bugun farko su tsinke idan wutar ta zarce. Abin da aka fi samu a nan gajeru ne na talabijin, masu saurin tsinkewa. A sa irinsu, su riƙa mutuwa ba dalili, mai injin ya gaji, yaron da ke kula da wurin ya naɗa waya ko takardar sigari a wurin. Ranar da tiransisto ya haɗe babu mai katse wutar: koyil ya narke, layin jan ƙarfe ya ƙone, fanel ya zama gawayi. Yawancin fanel ɗin da ke zuwa da baƙin tabo, haka labarinsu ya faro. Fis 4 ɗin da ke cikin ƙunshin sun yi kaɗan, a nan mai haɗa ƙunshin ya yi rowa. Duk mai yin oda ya ƙara fakitin 10 daban.

Babban giɓin ƙunshin ba a cikin ledar yake ba, a ƙarƙashin teburin wasa yake. Tiransisto ba kasafai yake mutuwa haka kawai ba, wani abu ne ke kashe shi, kuma abin yana can jikin koyil. Dayod biyu ne a kan ƙafafun koyil ɗin filifa, aikinsu shanye wutar da ke dawowa duk lokacin da aka yanke wa naɗin wuta. Girgizar bugu na karya musu ƙafa. Da zarar ɗaya ta katse, wannan wutar a kan tiransisto take sauka. Ba a iya auna su a inda suke, domin naɗin koyil na rufe awon, sai an yanke ƙafa ɗaya. Tunda ba tsada gare su ba, a canja duka biyun, ɓangaren zoben ya fuskanci ƙafar da wayar wuta ke shigowa, kamar yadda na da suke. A juya su, sabon tiransisto ya tafi a bugun farko. Sannan a auna koyil ɗin kansa. Naɗin bugu da ya sauko ƙasa da ohm 3, ko takardar jikinsa ta yi baƙi, ko robar cikinsa ta ƙi zarewa, ya gama yayi. Wanda aka kawo wa fanel a leda ya gyara ya mayar ba tare da ya je ya ga injin ba, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. A gaya wa mai kaya tun farko cewa kuɗin aiki ya haɗa da zuwa wurin.

Babu takardar bayani a ƙunshin, ko ɗan zanen da zai nuna maka haka. An ɗauka mai saye yana da littafin injin. Littattafan Williams na nan a intanet da cikakken zanen da'ira, a sauke na injin da ake aiki a kansa kafin a fara.

Wani abin da ƙunshin ba zai magance ba shi ne filifa mai rauni. A yawancin waɗannan injina maɓallin gefe ba makunni mai haɗa ƙarfe da ƙarfe ba ne, ido ne mai haske, ɗan fanel ƙarami da wata roba ke shiga tsakaninsa tana tare hasken. Ƙurar hunturu ta Bauchi na cika wannan ido. Idan ya yi dishi-dishi, saƙon da ke isa LM339 sai ya riƙa yankewa yana dawowa, bugu ya yi sanyi, koyil ya yi zafi. Mutum zai iya canja tiransisto 20 bai taɓa ciwon ba. Auduga da sifirit ne maganin. Idan ana shakka, a musanya ɗan fanel na dama da na hagu: ciwon ya bi shi, an kama ɓarawo. A cikin jerin gwaje-gwajen injin, T.1 na nuna kowane makunni da aka taɓa. F2 da F4 maɓallan dama da hagu ne, F1 da F3 kuma makunnan ƙarshen tafiyar hannu. Waɗannan na ƙarshen a buɗe suke zama, sai hannu ya kai ƙarshe suke rufewa, kuma ƙaramar wuta ce ke bin su, saɓanin tsofaffin injina. Bakinsu na da shafen zinari, kada a goge shi da zarto ko samfefa, katin takarda ya isa. Haka nan sandar da ke shiga koyil idan kanta ya baje, da robar ciki idan ta cinye, duk suna kawo rauni. Ba a sa musu mai ko giris, a bushe suke aiki. Mai da ƙura idan suka haɗu laka suke zama.

Sai maganar hannu, inda ake yawan yin gyaran gangar Auzinawa. Fanel ɗin fuska biyu ne, ramukansa na da rufin ƙarfe a ciki wanda ke haɗa layin sama da na ƙasa. Ƙarfen dalma na wat 60 marar ma'aunin zafi, idan aka daɗe da shi a wuri ɗaya ana jan tiransisto da filaya, zai fito da wannan rufin tare da ƙafar. Daga nan a waje komai ya yi kyau, a ciki layi ya katse. Hanyar da ta fi aminci ita ce a yanke ƙafafun tsohon da kota, a zare su ɗaya-ɗaya, a tsotse dalmar ramin da famfon tsotsa. Zafi tsakanin digiri 340 zuwa 370 ya isa, da dalma 60/40. Idan tsohuwar dalma ta ƙi narkewa, a ƙara mata sabuwa tukuna. Bayan an dasa sabo, a bi kowace ƙafa da mita zuwa inda zanen ya ce tana zuwa, a fuska biyun. Inda ya katse a yi gada da waya, mai kauri a layin bugu.

Wurin da ya ƙone sai an kankare shi har baƙin ya ƙare, domin gawayin fanel na ɗaukar wuta, kuma a volt 70 zai ci gaba da cin kansa a hankali. A wanke da sifirit, a cike ramin da gam mai haɗi biyu, a bar shi ya kwana. Kafin a mayar, a duba ƙafafun filogi J902 da J907 ta baya da madubin ƙara girma. Zoben tsagewa a dalmarsu na sa filifa ta riƙa ɗaukewa tana dawowa, sai a sake narka su. Ƙunshin bai zo da sababbin ƙafafun filogi ba, bai kuma zo da 74HCT374 ba, IC mai ƙafa 20 da ke karɓar umarni daga kwamfuta ya miƙa wa 2N4403. Idan an canja layin duka amma hannu na nan a maƙale, shi ne abin zargi na gaba, kuma rashinsa a ledar na nufin wani jiran na makonni. A haɗa shi a odar farko, da harafin HCT ɗinsa daidai.

Wajen kunnawar farko, dabarar ƙwan fitila da masu gyaran talabijin suka sani tana aiki a nan. A cire fis na layin da aka gyara, a sa ƙwai mai zare na wat 100 a madadinsa, idan har an samu, don yanzu sun yi ƙaranci. A kunna injin. Ƙwan ya yi ja ya tsaya, akwai sauran aiki, kuma ba a yi asarar komai ba. Bai nuna komai ba, a kashe, a mayar da fis, a shiga gwajin T.12 wanda ke gwada bugu da riƙo daban-daban. A tabbata faffaɗar wayar J903 ta zauna daidai ba ta goce da layi ɗaya ba. Wasu injinan na yanke wutar koyil idan ƙofar kuɗi na buɗe, kada wannan ya sa a ɗauka gyaran bai yi ba. A kuma kiyayi fanel ɗin allon nuna maki da ke kusa, akwai fiye da volt 100 a jikinsa.

Injin da ya zo daga Amurka an saita shi a volt 120. Taransifomarsa na karɓar 230 idan aka canja haɗin wayoyin filoginta bisa littafi, amma sai an canja abin tare hawan wuta daga na volt 130 zuwa na 275, da babban fis daga amp 8 zuwa 5 mai jinkiri. Da wutar JED da ta janareta, sitabilaiza dole ce, domin duk hawan da wuta ta yi, volt 70 ɗin nan ma hawa yake yi. Zafin Maris da Afrilu kuma na ƙara wa akwatin baya wahala, kada a manna shi da bango a toshe masa ramukan iska.

Hukunci dai, ga fanel ɗin da tiransistonsa ya mutu amma jikinsa bai ci wuta sosai ba, ƙunshin ya cancanta, saboda TIP36C da TIP102 na gaske da fis ɗin da ba a samu a nan. Sauran kayan cikon leda ne. Kuɗin turowa na iya kamo kuɗin kayan, don haka a yi oda sau ɗaya a haɗa da koyil, robar cikinsa, ƙarin fis da 74HCT374. Idan kuwa wuta ta huda fanel, ko an riga an tsige ramuka biyar ko shida a gyaran baya, kada a ɓata kayan a kansa. Akwai sababbin fanel na madadi da kamfanoni irin su Rottendog ke yi, masu shiga filogi iri ɗaya. Su ma sai an canja dayod biyun nan kuma an auna koyil kafin a jona J902.